Ramin da Kawu Bulus Ya Haƙa wa Kansa

Duk wanda ya san Kawu Bulus a cikinku, ya shafa haɓarsa yanzu, domin na tabbata hannun tsohon nan ya taɓa sauka a wurin. Kawu ba ya amsa gaisuwa kamar sauran mutane. Ka ce masa, "Ina kwana, Baba?" sai ya miƙo hannun nan nasa da ba ya rabuwa da jar ƙasa, ya kama haɓarka, ya juya fuskarka wajen rana, ya ce, "Tsaya haka." Ya kashe ido ɗaya, ya kalle ka, ya kalle ka, har wuyanka ya ƙage. Sannan ya sake ka ya ce, "Lafiya lau. Hancinka ya fi na jiya kyau." Bai bar yaro ba, bai bar dattijo ba. Ni Saratu, 'yar ƙanwarsa, ranar aurena a ƙofar coci ya cafke tawa haɓar, gaban dangin miji kaf. Ku je ku duba hoton bikin, yana nan rataye a falona: amarya cikin farin kaya, da shatin babban yatsa ja a haɓarta.

Yaran da ke aiki yanzu a Rumfa, wurin masu zane da sana'ar hannu na kan dutse, sun dame ni in ba su labarin yadda wurin ya fara, tunda gidana ne na ƙarshe kafin a hau dutse, kuma duk abin da ya hau ko ya sauko, ta ƙofata ya bi. To, ku gyara zama.

Kawu a Kafanchan ya fara aiki, yana rubuta lamba a jikin taragon jirgin ƙasa. Baƙin fenti, farin fenti, shi ke nan. Wata rana ogansa ya zo duba aiki, ya tarar da zakara a gefen lamba, da jan zanko da komai, kamar zai yi cara.

"Bulus, mene ne wannan?"

"Zakara ne, Oga."

"Na ga zakara ne! Wa ya aike ka?"

"Oga, lambar nan za ta je har Legas ita kaɗai. Na ba ta abokin tafiya."

Washegari aka sallami Kawu daga aiki, ya dawo gida da akwatin ƙarfe a ka. Mamata ta yi kuka, shi kuwa yana fito da baki.

Sai ya je wurin Baba Dogara, mai gonakin gefen dutse, ya roƙi wani fili can sama, ƙarƙashin itacen ɗorawa. Filin nan duwatsu ne zalla, ko akuya idan ta hau sai ta sauko da fushi. Baba Dogara ya kira dattawa su zama shaida, ya ce, "Aro ne fa, Bulus. Muddin kana da rai, ka yi abin da ka ga dama a wurin. Ranar da ka rufe ido, fili ya dawo gidana." Kawu ya ce ya yarda. Ku riƙe wannan magana, domin duk shekarun da muka yi muna dariya a Rumfa, tana nan rataye a kanmu: ran Kawu shi ne ran Rumfa.

Ya kafa rumfar ciyawa, ya zauna shi kaɗai yana zane a jikin dutse. Mutanen gari suka ce Kafanchan ta taɓa masa kai. Wadda ta fara bin sa ita ce Mama Kande mai tukwane, bayan ta gasa tukwane a tsakar gida wuta ta lashe rumbun accan mijinta. Mijin ya ce ko shi ko tukwane. Ta ce masa tana zuwa, ta kwashe tukwanenta ta hau dutse, da yamma ta sauko ta dafa masa tuwo kamar ba a yi komai ba. Haka ta riƙa yi kullum har tsufa. Bayanta sai Ishaya masassaƙi, wanda idan ka ba shi aikin turmi sai ya sassaƙa maka kan mutum a jikin taɓarya, mata suna daka suna jin kamar ana kallonsu. Sai Malam Garba masaƙi, Bahaushe daga Kafanchan, ya zo sayen tukunya ya ga inuwa da iska, bai sake komawa da zama ba. Kawu da kansa ya share masa wurin salla a kan wani faffaɗan dutse, ya hana kowa shanya barkono a kai.

Dokar shiga ɗaya ce. Ba a tambayarka coci ko masallaci, ba a tambayarka yarenka. Kawu zai nuna maka ƙasa ya ce, "Ɗauki dutse, kai katanga." Ka ɗauki dutse daga cikin filin ka ɗora a kan katangar da ke kewaye da wurin, ka zama ɗan gida. Ɗaliban zane da suka riƙa zuwa daga Zariya da Jos da takalmansu masu ƙyalli, duk sun ɗauka. Har wata baturiya ta ɗauka, ta zaɓi wanda ya fi ƙarfinta, Ishaya ya kama mata.

Maganar tattali kuwa, kai! Tun da Kawu ya bar aikin jirgi bai sake shiga shagon fenti ba. Ja daga jar ƙasa, baƙi daga gawayi, fari daga farar ƙasar rafi, ya dama da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, don kada ruwan sama ya wanke. Buroshi ne kawai ya ba shi wahala, har ranar da ya ga bunsurun Fasto yana kiwo a bayan coci.

Da yamma sai ga Fasto ya hawo dutse, yana jan bunsuru da igiya, yana haki.

"Baba Bulus, sannu da aiki."

"Yauwa, Fasto. Tsaya haka."

"Baba, yau ba zan tsaya haka ba. Dabban nan ya fita da safe da gemu, ya dawo babu. Yara sun ce sun gan ka da almakashi."

Kawu ya dubi bunsurun, bunsurun ya kau da kai don kunya.

"Fasto, gemun nan yana cikin coci yanzu haka. Da shi na zana gashin Manzo Bitrus. Kai sai Lahadi za ka hau bagade, bunsurunka tun Talata yake hidima."

Fasto ya fashe da dariya har igiyar ta suɓuce. Daga ranar, duk lokacin da gemun ya tsiro, Fasto da kansa yake aiko da shi.

Aikin cocin nan shi ya fitar da sunan garinmu, shi kuma ya kusa raba mu. Dattawan coci sun ba Rumfa bangon ciki a yi labaran Littafi Mai Tsarki. Ishaya ya sassaƙa ƙofa, Malam Garba ya saƙa mayafin teburi, Mama Kande ta gina tulun baftisma, Kawu ya ɗauki bango. An rufe da tabarmi har aka gama. Ranar da aka yaye tabarmin, jama'a, sai coci ta kaure! Ashe duk haɓar da Kawu yake kamawa, ajiya yake yi. Matar da ke bakin rijiya, Mama Kande ce sak. Masunta a cikin jirgi, 'yan acaɓan bakin kasuwa ne. Makiyayan da mala'ika ya bayyana wa, har da mijina, baki buɗe, daidai yadda yake yi idan ana masa bayani.

Tanko Gajere, mai yankar tikiti a kasuwa, ya ga kansa a kan itace a matsayin Zakka mai karɓar haraji. Ya fito waje yana tsalle.

"Baba, ka ci mutuncina! Duk garin nan ni kaɗai ne gajere? Ka ɗora ni a bishiya kamar biri!"

Kawu ya ce, "Tanko, karanta labarin har ƙarshe mana. Duk mutanen da ke bangon nan, gidan wa Yesu ya ce zai sauka ya ci abinci?"

Tanko ya yi tunani. "Gidana."

"To, me kake so kuma? Je ka gaya wa matarka ta ɗora tukunya."

Tun daga ranar, duk baƙon da ya zo, Tanko ne ke jan hannunsa zuwa gindin itacen.

Amma babbar fitina tana wurin Jibin Ubangiji. Kowa ya ruga ya ga fuskar wa aka ba Yahuza Iskariyoti. Ashe Kawu ya zana shi ya juya baya, zai fita ƙofa. Ƙeya kawai ake gani. Wayyo, ƙeyar nan! Mata suka fara leƙa bayan mazajensu a cikin sujada. Wannan ta ce kunnuwan na wane ne, waccan ta ce a'a, ninkin wuyan nan ta san shi. Kafin wata ya ƙare hula ta yi wuyar samu a kasuwa. Mijina har wanka da hula yake zuwa. Da abin ya yi yawa, dattawa suka tura ni, wai ni ce 'yar lelensa.

Na kai masa faten acca, na bari ya ci ya ƙoshi, na ce, "Kawu, tsakanina da kai, ƙeyar wa ce?"

Ya lashe cokali ya ce, "Saratu, haɗawa na yi. Kowa ya ba da kaɗan."

Na sauko na faɗa wa dattawa. Ba wanda ya sake tambaya.

To, daga nan fa Rumfa ta tashi. Rumfar ciyawa ta zama ɗakuna na dutse. Mutane suna zuwa daga Kagoma, daga Kauru, daga Abuja, su ga coci, su hau sama su sayi tukunya ko zane ko gwado. Yaran da aka ce ba su da kan boko suka koyi gizago da yumɓu, suka yi aure, suka gina gidaje. Idan ka shiga mota a Kafanchan ka faɗi sunan garinmu, sai wani ya juyo ya ce, "Garin masu zane?" Ka gyara wuyan riga ka ce, "Shi fa."

Sai Baba Dogara ya rasu, gonaki suka koma hannun ɗansa Danjuma. A lokacin citta ta yi daraja, kowa yana neman inda zai shuka. Danjuma ya hau dutse ya duba, sai ya ga abin mamaki. Duwatsun da baƙi suka yi shekaru suna kwashewa suna kai wa katanga, ashe share masa gona suke yi. Fili ya zama ƙasa mai laushi, ga katanga ta hana akuya shiga. Ya je wurin dattawa. Suka ce maganar mahaifinsa tana nan: sai bayan ran Bulus.

Ban ce Danjuma mugu ne ba, kada wani ya kai masa. Yana da iyali, kuma fili nasu ne. Amma daga ranar ya fara hawowa gaisuwa kowace safiya.

"Baba, yaya jiki?"

"Garau."

"Babu ko ɗan ciwon baya?"

"Babu. Ka gaida gida."

Idan ya juya, Kawu ya ce, "Kun ga yaron nan? Ba ni yake gaisarwa ba, cittarsa yake dubawa ko ta kusa."

Muna dariya, amma muna tsoro. Kawu ya tsufa. Idan ya yi tari, sai ka ji gizagon Ishaya ya tsaya, Mama Kande ta ɗago kai daga yumɓu. Ina za su je? Gidaje nawa ke ci daga wurin nan?

Ranar godiyar kaka, coci ta cika har waje. Danjuma yana gaba cikin sabuwar babbar riga, shi ne ya kawo buhun citta mafi girma. Ana gab da tashi sai Kawu ya miƙe, yana dogara sanda. Mu da muka san shi muka kalli juna, domin da safen nan mun gan shi ya haura katanga yana korar akuya.

Ya yi murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Jama'ar Allah, na tsufa. Ba ni da gona, ba ni da ɗa. Danjuma, ɗana, abu ɗaya nake roƙo a gaban Ubangiji da mutane. Idan na tafi, ka ba ni wurin kwanciya a saman dutsen nan. Ɗan wuri kawai, daidai tsawona."

Zumuntar mata suka fara share hawaye. Wa zai hana tsoho wurin kwanciya ranar godiya? Danjuma ya ce, "Haba Baba, na ba ka."

"Allah ya yi maka albarka. To, mu je ka sara."

Ya sunkuya ya jawo fartanya daga ƙarƙashin benci. Da ita ya zo coci! Kun san al'adarmu, mai ƙasa ne ke fara saran kabari, kuma inda ya sara, ya bayar ke nan. Duk coci ta bi su sama, mata suna waƙa. Danjuma ya nufi can gefe, bakin katanga.

"Nan, Baba?"

"Nan ruwa yana kwanciya. Ka san ƙafata da sanyi."

Suka matsa. "Nan fa?"

"Gidan tururuwa ne, ba za su bar ni in yi barci ba."

Suka matsa kusa da inda Mama Kande ke gasa tukwane.

"A'a! Kusa da wuta? In farka in ji zafi, in ɗauka na ɓata hanya?"

Har Fasto sai da ya riƙe ciki. Haka Kawu ya yi ta jan sa, taku bayan taku, sai da suka tsaya a tsakiyar fili cif, gindin ɗorawa. Na ga fuskar Danjuma lokacin da ya ɗaga fartanya sama. A nan ya gane. A wurinmu ba a noma ƙasar da dattijo ke kwance a cibiyarta, ba a sayar da ita, kuma masu share kabarin ba a tashin su. Ya dubi hagu, mata suna waƙa. Ya dubi dama, dattawa sun zuba masa ido. Ya sara.

Samarin Rumfa suka ƙarasa ramin a ranar. Kuna tsammani Kawu zai bar rami ya zauna a banza? Ya sa Mama Kande ta zuba yumɓunta a ciki, aka rufe da ganyen ayaba, wai ya fi ko'ina riƙe danshi. Da bazara kuma idan yumɓu ya ragu, sai ya shimfiɗa tabarma a ciki ya yi barcin rana. Wata baƙuwa ta leƙa ta gan shi, ta kurma ihu ta zubar da jakarta. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Madam, yi haƙuri, gwaji nake yi."

Yanzu ku ji yadda abu ya juya. Da, Danjuma jira yake Kawu ya mutu. Yanzu idan Kawu ya mutu ya shiga ramin nan, fili ya tafi har abada. Mafita ɗaya ce, tsohon ya rayu har a lallashe shi ya yarda a matsar da ramin da bakinsa. Jama'a, ba a taɓa jinyar mutum a garin nan kamar yadda Danjuma ya yi jinyar Kawu ba! Farfesun kaza, suweta, man zafi. Kawu ya yi atishawa, Danjuma ya ɗora shi a mashin sai asibiti a Kafanchan. Ya ƙwace masa tabar hanci ya jefa a rafi.

"Baba, sha maganin nan."

"Kai wane irin yaro ne? Jiya kana jira in mutu, yau ka hana ni!"

"Sha dai, Baba. Af, ramin nan, ba za mu ɗan matsar da shi gefe ba?"

"Gobe ma yi magana. Tunda kana zaune, ungo, niƙa mini jar ƙasan nan. Ba a zaman banza a Rumfa."

Gobe, gobe, shekaru suka wuce. Danjuma ya niƙa jar ƙasa har ya iya gane mai kyau da yatsa. Ya san wane yaro ne maraya, wace yarinya ce tukwane suka mayar makaranta. Tambayar ramin ta koma kamar gaisuwa, yana yi yana dariya, wani lokaci ma ya manta.

Ciwon gaske ya zo da ƙarshen damina. Wata la'asar na kai kunu ɗakin Kawu, na tarar da Danjuma yana shafa masa mai a ƙafa. Kawu ya ce in zauna in zama shaida.

Ya ce, "Danjuma, wayo na yi maka a gaban mutane, ka sani, na sani. Filin babanka ne. Ba na so in je gaban Ubangiji da ƙasar wani a bakin zanina. Na sake ka. Idan na tafi, ka sa ni inda ka ga dama, har bakin katanga. Saratu ta ji."

Danjuma ya ajiye man. Ya ja bargo ya rufe masa ƙafa, ya fita. Ni kuwa na juya wurin Kawu. Na ce, "Kawu, me ka yi mana?" Ya ce, "Ba ni kununa kafin ya huce."

Bayan kwana kaɗan ya cika.

Dole na faɗa wa dattawa abin da na ji, domin shaida aka sa ni. Safiyar jana'iza duk mutanen Rumfa suna tsaye a fili. Akwatin da Ishaya ya sassaƙa yana ajiye a inuwa, ba wanda ya san inda za a kai shi. Mama Kande ta riga ta ɗaure kayan aikinta a zani. Malam Garba yana zaune a kan dutsensa yana jan carbi. Sai ga Danjuma ya hawo da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a bakin katanga, ya daɗe yana kallon ƙasar nan mai laushi. Sai ya jingine fartanyar a jikin katanga, ya tako zuwa tsakiya, ya yaye ganyen ayaba, ya tuɓe takalmi ya dira cikin ramin. Ya cika hannu biyu da yumɓu ya miƙo sama.

"Mama Kande, me kuke kallo? Ku zo ku kwashe kayanku, mai ɗaki ya iso."

Ban taɓa ganin mutane suna kuka da dariya a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Muka yi layi, yumɓu yana bin hannu zuwa hannu, Kirista da Musulmi, har ramin ya zama fes. Danjuma ne ya karɓi kan akwatin daga ƙasa.

Ya Ubangiji, ga bawanka Bulus, mai taurin kai, mai taushin zuciya. Ya gaji, ka ba shi hutu a wurinka. Ka riƙe hannuwan da ya bari suna aiki a kan dutsen nan, kada su rasa abin yi, kada su rasa juna. Danjuma kuma, duk inda ya shuka cittarsa, ka sa ta yi kyau fiye da ta kowa. A cikin sunan Yesu, amin.